Wa Ya Kwance Kwale-Kwalen Kerimkul?

Kochkor, 4 ga Yuni

Zuwa ga ɗana Ilgiz,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Merim da jikokina biyu. Yaya zafin Bishkek? Ni ina nan. Gwiwa tana yi mini abin da ta saba, tumaki sun hau dutse, goɗiya ta haihu lafiya.

Shekara tara ke nan ina ɗauke da magana guda a ƙirjina, yau zan sauke ta. Na ɗaure kwale-kwalen nan, Ilgiz. Na ɗaure shi.

Kada ka ce ba ka san wanne nake nufi ba. Bazarar nan da muka kafa bukka a bakin tafkin Isik-Kul, gindin bishiyoyi ukun nan na Tosor, muka yanka baƙin rago. Muka ci nama da taliya har muka kasa tashi, muka sha nonon goɗiya, mu maza muka miƙe a inuwa. Da muka farka da la'asar, babu kwale-kwale a bakin ruwa, sai turken ƙarfe tsaye shi kaɗai. Kai ne ka fara buɗe baki. Ka dafa mini kafaɗa a gaban matarka, a gaban ƙanwarka Kunduz, a gaban mahaifiyarku, ka ce, "Ata, mantawa ka yi, ba komai, shekaru ne." Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi.

Ni da na shekara hamsin ina ɗaure ingarma? Ƙullin da na yi a turken nan shi ne wanda nake yi wa doki mai cizo. Doki ya ja, ya yi harbi, ya yi birgima, ƙullin ƙara matsewa yake yi. Ruwa ne zai kwance shi? Ruwa yana da yatsu?

Tun daga ranar ka karɓe filafilan tuƙi daga hannuna. Kowace bazara sai ku saka mini rigar robar nan ta hana nutsewa mai launin lemo, ku ɗaure ni a ciki har wuya, ku ajiye ni a tsakiyar jirgina kamar buhun dankali. Kai kuma ka zauna a mazaunina kana tuƙi, hannun dama ya fi na hagu ƙarfi, muna ta zagaye wuri ɗaya kamar jakin niƙa. In na yi magana ka ce, "Ata, ka huta." Na ce maka na gaji ne? Bara ƙaramar 'yarka ta ɓatar da takalminta a yashi, sai ta ce, "Na zama Kaka, na yi mantuwa." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don yarinya ce. Amma wa ya koya mata?

Yanzu kuma ga abin da ya sa na ɗauki biro. Merim ta buga wa matar maƙwabcina Sabir waya, wai a gaya mini bana ba za a ja kwale-kwale ba, ya tsufa, yana ɓata bayan motarka. Wai za ku hayi agwagwar robar nan da ake murzawa da ƙafa kamar keke. Ni, Kerimkul, in shiga cikin agwagwa.

Ka san yadda aka yi jirgin nan? Kana rarrafe lokacin. Da katakon tsohon garken tumaki na haɗa shi, hunturu guda cur, gari duk yana yi mini dariya, wai makiyayi ya haukace, yana sassaƙa jirgi a inda ko kududdufi babu. Kakarka ta daina yi mini magana wata biyu, ta ce iyayenmu ba su taɓa taka tafkin nan ba, kallon sa kawai suke yi su yi addu'a. Duk na jure. Shekara arba'in yana ɗaukar mu, ko sau ɗaya bai jiƙa wa kowa wando ba.

Kada ka kira ni a waya. A waya da na fara sai ka ce kana tuƙi, ko ka ce ba ka jin muryata. Takarda ba ta katsewa. Aji biyu na yi aka cire ni aka tura ni bin tumaki, kwana uku na yi ina zana wannan wasiƙa, sai ka zauna ka karanta ta duka.

Abu uku nake so. A ja jirgi zuwa tafki a watan Agusta kamar kullum. A mayar mini da filafilaina. Kuma ranar da aka ajiye kan rago a gabana, kafin in yanki kunne in miƙa wa yara, ka tashi tsaye ka ce, "Ata ya ɗaure shi."

Ka gaida Merim. Ba fushi nake yi da ita ba, saƙo aka ba ta.

Mahaifinka,
Kerimkul

Kochkor, 19 ga Yuni

Ɗana Ilgiz,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya, yara sun gama jarrabawa lafiya.

Direban tasi ya kawo mini ƙunshinka. Malafa ɗaya, man shafawa na gwiwa, alewa. Na juye jakar, na kaɗa ta, na leƙa cikin malafar ko ka soke takarda a ciki. Babu. Na tambayi direban ko wani abu ya faɗi a hanya, ya ce, "Baba, abin da aka ba ni ke nan." Wato na yi maka tambaya, ka amsa mini da malafa.

Ƙanwarka Kunduz kuma ta kira daga Karakol, ka ga alamar kun yi magana a bayana. Ta ce, "Ata, don Allah ka bar maganar nan, abu ya wuce." Na ce gare ku ya wuce, ni kullum da shi nake tashi. Sai ta ce ana kiran ta a asibitin da take aiki, ta kashe. Dukanku da an zo wurin nan sai a kira ku.

Na fito da jirgin tsakar gida, na kifa shi, na kankare, na shafa masa kwalta. Sabir ya leƙo ta katanga yana cewa, "Kerimkul, ruwan Ɗufana aka ce maka yana tafe? In ya zo ka ajiye mini wuri, ni da akuya ɗaya." Na ce akuyar zan ɗauka, shi ya biyo mu da iyo. Na buga kowane katako da guduma, Ilgiz, babu wanda ya yi ƙarar ruɓa. Motarka ta shekara shida ta fi shi tari.

Ina aikin ina tuna Apanku, mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta. A cikinku duka ita kaɗai ce ba ta taɓa cewa na manta ba. In kun fara tsokanata sai ta sunkuyar da kai, ta cika mini kofin shayi, ta tura mini tsoka mafi kyau. Ta san mijinta. Kuma ka lura, ita ce ke da dalilin jin haushin jirgin nan, don ban taɓa saka ta a ciki ba. Kowace shekara sai ta tsaya a bakin ruwa da ludayi a hannu ta ce, "Baban yara, ka kai ni can tsakiya mana, in ga yadda duwatsunmu suke daga cikin ruwa." Ni kuma in ce, "To wa zai duba tukunya?" Haka muke yi, wasa ne tsakaninmu. Da tana raye da ta tsaya mini. Sai dai ko ita ba za ta iya ba da shaida ba, don ranar ita da Kunduz sun tafi tsinkar 'ya'yan ƙayar nan masu tsami da take dafa mana da sukari saboda mura.

Tunda 'ya'yana ba za su amsa mini ba, zan nemi wanda zai amsa. Ka tuna Yefim, tsohon masuncin nan Barushe da ya tsinci jirgin bayan kwana biyu yana yawo a ruwa? Kai ka je ka karɓo, ni kunya ta hana ni zuwa. An ce yana nan da rai. Ranar Litinin zan hau mota in je in tambaye shi yadda ya ga igiyar. In tsinkewa ta yi, ko yanka ta aka yi, zai sani. Masunta ba sa manta igiya.

Malafar ta yi mini yawa. Na ba Sabir.

Mahaifinka da ke jiran amsa,
Kerimkul

Kochkor, 2 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Kunduz,

Bayan gaisuwa, yaya aikin asibiti, yaya mijinki, yaya ciwon bayan da kika ce? Allah ya ƙara sauƙi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, kuma kada a kira ki.

Na je wurin Yefim. Na same shi a tsakar gida yana rataye kifi a hayaƙi, ya rame, haƙori biyu suka rage masa. Yana ganina ya ce, "Makiyayi mai jirgi! Ashe ba ka mutu ba?" Na ce ina jira ya riga ni, in ga ko hanyar tana da kyau. Ya zuba mini shayi baƙi ƙirin ba madara, irin nasu, na sha don ina da buƙata.

Na ce, "Yefim, igiyar jirgina, yaya ka gan ta ranar?"

Sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "Ai shekara tara ina ba mutane labarinka. Wane irin mutum ne zai ɗaure jirgi a reshen ƙaya? Reshe bai kai kaurin yatsana ba! Iska ta ja, ya karye, jirgi ya tafi yana jan reshensa a baya kamar wutsiya. Ku mutanen dutse ku tsaya a kan dokinku."

Saura kaɗan in watsa masa shayin. Na ce turken ƙarfe na kafa, da hannuna, a turke na ɗaure. Ya ce shi bai ga turke ba, reshe ya gani, da wani ƙulli mai kunne biyu, irin wanda mata ke ɗaure ɗan maraƙi da shi lokacin tatsa. Ya ce, "Kuma wanda ya shiga ya bar mini tsaraba. Zo ka gani."

Ya ja ni akurkin kajinsa. A jikin ƙusa akwai takalmin roba guda ɗaya, na ƙafar hagu, ƙarami, na mace. Da shi matarsa ke ɗibar wa kaji alkama. Ya ce a ƙarƙashin mazaunin gaba ya same shi, ya manta bai ba yayanki ba.

Kunduz, na juya takalmin. A dunduniya akwai jan faci. Ni na yanko shi daga tsohuwar robar keken Ilgiz, ni na liƙa shi, na ɗora masa dutse ya kwana, don Apanku ta ce ruwa na shigar mata in ta je tatsa.

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Na ji dai Yefim yana kira, "Kai, da me za a ciyar da kajin?" Takalmin yana hannuna har Kochkor.

A mota duk abin ya dawo mini. Kun dawo da la'asar ke da ita, bokitin 'ya'yan ƙaya ko rabi bai kai ba, rigunanku a jiƙe har ƙugu. Na ce, "A cikin tafki ƙayar take fitowa bana?" Kika kama tarin da babu shi. Ita kuma ba takalmi a ƙafarta, ta ce yashi ya haɗiye ɗaya, ta yar da ɗayan. Ni kuwa, jirgina ya ɓata, raina a ɓace, na sauke a kanta. Tun daga Tosor har Balikchi ina yi mata faɗan takalmi, wai babbar mace ba ta iya riƙe abin da ke ƙafarta ba. 

To yanzu ki gaya mini, wannan adalci ne? Shekara shida ta yi bayan nan tana zuba mini shayi, tana ji ana kirana mai mantuwa, tana kallo ana ɗaure ni cikin rigar lemo. Ni ina cewa biyayya ce ta sa take tura mini tsoka, ashe toshiyar baki ce. Ke kuma, 'yar da na goya a kan doki, shekara tara kina kallon idona. Ranar jana'izarta kin riƙe hannuna kina kuka, ko a ranar ba ki faɗa ba.

Kuma hankali ina kuka bar shi? Ita ba ta iya iyo ba, ke ba ki taɓa riƙe filafili ba. Kun san iskar la'asar a tafkin nan. Da ta juya da ku ciki fa? Da na farka na tarar babu jirgi, babu mata, babu 'ya, sai tukunya tana tafasa? Sannan reshen ƙaya! Shekara arba'in da bakwai tana zaune da ni, ba ta koyi cewa ba a ɗaure abu mai nauyi a reshe ba.

Jiya na je maƙabarta da takalmin a aljihun riga. Na shirya maganganu tun daga gida, a jere, kamar yadda na jera wa yayanki. Na tsaya a kan kabarinta na kira sunanta, na ce, "Burulkan." Shi ke nan abin da ya fito. Sai na tsinci kaina ina ƙirga bazara. Daga shekarar da na haɗa jirgin zuwa wannan rana, talatin da ɗaya. Sau talatin da ɗaya ta tambaya. Na ɗauki yara, na ɗauki surukai, na ɗauki Sabir da ya yi mini amai a ciki, har rago na taɓa tsallakarwa da shi. Na rubuta wa yayanki cewa maganar tukunya wasa ce tsakaninmu. Ni kaɗai nake dariya, yanzu da na tuna.

Ba cewa na yi na yi laifi ba. Tukunya tana buƙatar mai dubawa. Amma dai Ilgiz yana da hannun juya tukunya, ni ma ina da shi.

Ki rubuto mini. Ba waya ba.

Mahaifinki,
Kerimkul

Kochkor, 21 ga Yuli

Kunduz 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki. Ina fata lafiya ce ta hana ki rubutu, ba tsoro ba. Kwana goma sha tara. Kullum in motar Karakol ta tsaya sai in fita bakin titi, har direbobi sun fara cewa, "Baba, yau ma babu." Wasiƙa huɗu ke nan na zana da hannun da bai saba ba, amsar da na samu malafa ce, ita ma tana kan Sabir.

Bari ki ji wautar da na yi. Na naɗe takalmin a jarida, na rubuta a kai, "Ga wanda ya kwance jirgi," na ba direba ya kai wa yayanki. Na ce yau sunana zai wanku. Motar ta tashi, ta kai wajen gidan mai, sai ga ni ina bin ta da wannan gwiwa, ina ɗaga sanda, mutanen kasuwa suna kallo. Na karɓe ƙunshina. Direban ya ce, "Baba, mantuwa ka yi?" Na ce eh, mantuwa na yi. Kin ji. Da bakina.

Don na hango abin da zai faru. Ilgiz zai tashi tsaye a gaban kan rago ya ce Ata ya ɗaure shi, yara su tambaya to wa ya kwance, a ce kakarsu ce, a yi dariyar reshen ƙaya. Ita ta rufe abinta shekara shida, ba ta nan balle ta kare kanta. Ba ni zan mai da ita abin dariya a bakin tafki ba. Su ci gaba da kirana mai mantuwa. Kada ki gaya masa. Ina jin haushin hakan, ki sani, kuma zan ci gaba da ji.

Jirgi dai zai je. Na gama magana da Sabir, zai ɗora mini shi a babbar motarsa ranar tara ga Agusta, yayanki ya ajiye bayan motarsa da tsabta. Ya riƙe filafilai da safe in yana so, ya zagaya da mu har kanmu ya juya. Zan saka rigar lemo ba gardama. Matarsa da 'ya'yansa mata su shiga duka, ni zan duba tukunya.

Amma rana ta biyu, in an ci nama, maza sun miƙe a inuwa, Ilgiz ya buɗe baki yana minshari, ni da ke za mu sulale. Ni zan kwance, ni zan tuƙa. Ke ki zauna a gaba inda ta zauna, ki nuna mini hanyar da kuka bi, har inda iska ta kai ku, har gindin ƙayar. Ki nemi hutu tun yanzu, kada ki ce mini ana kiran ki.

Sai dai ba zan iya jira har Agusta da abu ɗaya ba. Shekarata saba'in da takwas, ba na ba kowa tabbacin sati uku. Ke kaɗai ce a duniya kika gani. Da kuka yi nisa da gaɓa, ta juyo ta kalli duwatsun? Ta ji tsoro, ko dariya ta yi? Ta cire takalmin ne ta saka ƙafa a ruwa? Ta ambace ni? In zagina ta yi, ki rubuto zagin yadda ta faɗe shi, kada ki gyara.

Ga takarda fara na saka miki a ciki, ga ambulan da sunana a kai, na biya direba kuɗin dawowa. Ba ki da sauran hujja. Me ta ce, Kunduz? A samu wani a gidan nan ya amsa mini ko sau ɗaya.

Mahaifinki,
Kerimkul